Soke, janye ko jingine: wanne ne ke kashe hukunci?

Auwalu Ɗorayi:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske a kan kalmar "soke". Kanun labarai ba sa rabuwa da ita: an soke zaɓe, an soke lasisi, an soke taro, kotu ta soke hukunci. Amma labari ɗaya sai wata jarida ta ce an jingine, wata ta ce an rushe, wata ta ce an janye. Duk abu guda ne, ko akwai inda kowacce ta tsaya? Sannan "majalisa ta soki dokar" da "majalisa ta soke dokar", kuskuren mai buga rubutu ne ko magana biyu ce?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Auwalu. Bari in fara da ta ƙarshe, domin ita ce ta fi haɗari. Magana biyu ce, kuma tsakaninsu tafiyar kwana ce. Majalisar da ta soki doka ta kushe ta ne kawai, dokar tana nan daram. Wadda ta soke doka ta kashe ta.

Saiwar ɗaya ce, sok-, ma'anarta ta asali huda abu da mai tsini. Abin da ya raba su shi ne ajin aikatau, wato tsarin nan da masanin nahawun Hausa Parsons ya fitar a 1960 ake koyar da shi har yau. A aji na ɗaya ka ce ya soka allura a jikin riga, ya soka masa wuƙa. A aji na biyu wasalin ƙarshe yana sauyawa da abin da ya biyo baya: abin da ya soka, ya soki gwamna, ya soke shi. Nan ne ma'anar kushe ta zauna, sunan aikin kuma suka. Aji na huɗu shi ne namu, soke, wanda ke nuna an kai aiki ƙarshe ba a bar saura ba, kamar yadda ci ya zama cinye, sha ya zama shanye. Shi ya sa ake cewa an soke raƙumi, don ba yanka shi ake ba, a gindin wuya ake caka masa wuƙa. Ma'anar kashe zancen da ya riga ya tabbata daga nan ta samu wurin zama.

Tarkon yana wajen wakilin suna. "Ya soke shi" na aji biyu da "ya soke shi" na aji huɗu a rubuce kamar tagwaye suke. Baki ne ke raba su: na kushewa karinsa ƙasa ne sannan sama, na kashewa sama ne sannan ƙasa. Tunda ba ma sa alamar karin sauti a rubutun yau da kullum, mai karatu ba shi da madafa. Gwajin da ba ya kuskure shi ne ka mayar da jimlar lokaci mai ci. In ta ba ka "yana sukarsa", kushe ne. In ta ba ka "yana soke shi", kisa ne.

Hajiya Binta:
Allah ya ƙara sani, Malam. A ɗakin labarai maganin wannan ɗaya ne, kada a bar wakilin suna ya ɗauki nauyin. A maimaita sunan: "sanatoci sun soki ƙudirin", ba "sun soke shi" ba. Wasali ɗaya ne zai sa mai sauraro a Kurmi ya tashi da labarin an kashe dokar da ko taɓa ta ba a yi ba.

Ita ma "fasa" haka take da nata tarkon. "An fasa taro" da dogon wasali na nufin ba za a yi ba. Da gajeren wasali kuwa an yi taron, 'yan sanda ko 'yan daba suka tarwatsa shi. Mai karanta labarai in bai duba gaba ba sai ya ja inda bai kamata ba.

Barista Kabiru:
Malam ya gama da nahawu, ni kuma ga yadda abin yake a aikace. Kafin ka zaɓi kalma, tambayoyi biyu za ka yi. Abin ya riga ya fara aiki? Wa ya taɓa shi?

In abin bai auku ba tukuna, fasawa aka yi: an fasa tafiya, an fasa ɗaurin aure. In wanda ya kawo abin shi ne ya ɗauke kayansa, janyewa ce. Mai ƙara ke janye ƙara, ɗan takara ke janye takara, wanda ya yi ɓatanci ke janye kalamansa. Alƙali ba ya janye ƙarar da ba shi ya shigar ba, sai dai ya kore ta. Soke kuwa tana bukatar iko: abu ya tsaya da ƙafarsa, mai hurumi ya zo ya kashe shi. Zaɓen 12 ga Yunin 1993 an kaɗa ƙuri'a, an fara fitar da sakamako, sannan gwamnatin Babangida ta soke shi a ranar 23 ga wannan wata. Ba za a ce an fasa shi ba tunda an yi, ba za a ce an janye shi ba tunda ba kayan mutum ɗaya ba ne.

Shari'ar gwamnan Kano ta 2023 ta tara kusan duka kalmomin a wuri guda. A ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u 165,663 daga na Abba Kabir Yusuf, bisa cewa ba su da hatimi da sa hannu, ta kuma umarci INEC ta janye takardar shaidar cin zaɓe da ta ba shi. Ku lura, kotu ta soke, INEC ta janye, domin INEC ce ta bayar da takardar da hannunta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cire shi a ranar 17 ga Nuwamba. A ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta jingine hukuncin kotunan biyu.

Malam Habibu:
Barista, a nan zan tare ka. Me ya kawo "jingine"? Bahaushe yana jingine tsani a bango, yana jingine keke a gindin bishiya, kuma duk abin da aka jingine za a dawo a ɗauka. Jinginar gona ma haka ce, ranar da aka biya kuɗi ta koma hannun mai ita. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta taɓa wa zai dawo ya ɗauke shi? Wannan fassarar kalma da kalma ce aka yi daga Turancin kotu, wato "set aside", aka ɗauko siffar ajiyewa a gefe aka bar ma'anar.

Inda jingine ta dace shi ne yajin aiki. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yaji a ranar 14 ga Fabrairun 2022, ta jingine shi a ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Jinginewa ce domin ƙungiyar ba ta ce ta bar bukatunta ba, sandar tana jikin bango. Da ta ce ta haƙura gaba ɗaya sai a ce ta janye.

Barista Kabiru:
Na karɓi gyara ta fuskar asali, Allah gafarta Malam, amma kalmar ta riga ta zauna a bakin lauyoyi da masu ɗauko rahoton kotu. Ka tsaya a harabar babbar kotu a sakatariyar Audu Bako ka saurara, "a jingine hukuncin" za ka ji. Harshe ai na masu magana da shi ne.

Hajiya Binta:
Ya zauna a bakin lauyoyi, bai zauna a kunnen jama'a ba, Barista. Matsalar ita ce kotu tana da wani abu dabam wanda shi ne jinginewa ta gaskiya, wato dakatar da zartar da hukunci kafin a gama ɗaukaka ƙara. In muka ba wa kisa sunan jinginewa, me za mu kira wannan? Mai gidan da aka ce ya tashi, ya ji a rediyo an jingine hukuncin, bai san ko ya kwance kaya ko ya ci gaba da ɗaurewa ba.

Barista Kabiru:
Wannan hujja ce, ba ni da ta cewa. Bari ma in ƙara a kai, don nan mutane ke faɗawa rami. Shigar da ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya dakatar da hukunci a shari'ar da ba ta laifi ba. Sai an nemi dakatarwar a rubuce, kotu ta amince, wani lokaci da sharaɗin a ajiye kuɗin da ake rigima a kai a hannun magatakarda. Mutum ya ce "ai na ɗaukaka ƙara" ya koma gida ya kwanta, sai ya ga ma'aikatan kotu a ƙofa. Lokaci ma ƙayyadadde ne: zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, kwana 14 ne a kan umarnin tsakiyar shari'a, wata 3 a kan hukuncin ƙarshe, kwana 90 in shari'ar laifi ce. In ya wuce sai ka roƙi ƙarin lokaci da dalili.

Zaɓe ne ya fita daban. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce wanda aka soke nasararsa zai ci gaba da riƙe kujera har a gama ɗaukaka ƙara, muddin ya shigar cikin lokaci. Shi ya sa gwamnan Kano bai bar gidan gwamnati ko na kwana ɗaya ba duk da hukunci biyu. Waɗanda suka rubuta "kotu ta tsige gwamna" a lokacin sun yi kuskure biyu. Tsigewa aikin majalisa ne, kamar yadda majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a 1981, kuma mutumin ma bai sauka ba.

Auwalu Ɗorayi:
To zaɓen Kano na 2019 fa, da aka ce inkonkulusib? Shi ma sokewa ce?

Barista Kabiru:
A'a. Ƙuri'un wasu rumfuna aka soke, zaɓen kansa ba a kammala ba aka ce, saboda ƙuri'un da ke rumfunan da abin ya shafa sun fi ratar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu. An yi zaɓe ranar 9 ga Maris, aka ƙarasa ranar 23.

Malam Mudi:
Assalamu alaikum. Na ga ana ta neman kalma, alhali tana zaure tun kafin zuwan Bature. Almajiran fiƙihu ba "soke" suke cewa ba, "warware" suke cewa, ita ce fassarar naƙdu. Da ita ake karanta abubuwan da ke warware alwala, da ita ake cewa an warware hukuncin alƙali. Kuma siffar ta fi dacewa, domin hukunci ƙulli ne, ana ƙulla shi ana warware shi, kamar ciniki da aure.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar abin sakaka ba. Alƙarafi ya ambaci wurare huɗu da ake warware hukunci: in ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a. Bayan waɗannan, ijtihadi ba ya warware ijtihadi. Sabon alƙali ba zai zo ya tone hukuncin na gabansa don kawai shi yana ganin wani ra'ayin ya fi ba, in ba haka ba babu shari'ar da za ta ƙare.

Akwai kuma ta uku wadda ba soke ba ce ba warware ba, ita ce shafewa, fassarar nasakhi. Takabar shekara guda da ke aya ta 240 a Baƙara, jumhur sun ce aya ta 234 ta shafe ta da wata huɗu da kwana goma. Ba a cewa aya ta soke aya. Ba ladabi kawai ya hana ba, ma'anar ce ta bambanta. Hukuncin da aka shafe daidai ne a lokacinsa, wa'adinsa ne ya cika. Sallolin da aka yi ana fuskantar Baitul Muƙaddas kafin a juya alƙibla ba wanda aka ce ya rama su. Hukuncin da aka warware kuwa tun farko da aibi aka ƙulla shi.

Malam Habibu:
Madalla, Malam Mudi. Ka taɓo inda soke take da rauni. Kalma ɗaya ce take ɗauke da kaya biyu: kashe abu daga yau zuwa gaba, da kashe shi tun daga tushe kamar ba a taɓa yi ba. Aikatau ɗin ba ya faɗa maka wanne ne. Dole mai rubutu ya ƙara da bakinsa, ko "daga ranar kaza" ko "tun daga tushe".

Barista Kabiru:
Kuma kuɗi da kujera suna rataye a wannan bambancin. In majalisa ta soke doka, ƙa'idar da ke sashe na 6 na dokar fassarar dokoki ta tarayya ita ce sokewar ba ta ɓata abin da aka riga aka yi a ƙarƙashin tsohuwar doka, kuma ba ta tayar da abin da ya mutu kafin nan, sai in sabuwar doka ta faɗi haka. In kuwa kotu ce ta ce doka ta ci karo da tsarin mulki, sashe na 1(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce ɓatacciya ce gwargwadon karon, wato ba ta taɓa samun ƙafar tsayawa ba.

Misalin gida: dokar masarautu ta 2019 da ta kafa Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Majalisar dokokin Kano ta soke ta ranar 23 ga Mayun 2024, gwamna ya sa hannu a ranar. A labari ɗaya aikatau uku ne, kowanne da abin da yake ci. Doka aka soke. Masarautu aka rushe, don rushewa ta abin da aka gina ce, ko da ƙasa ko da doka, shi ya sa ake rushe majalisar zartarwa da shugabancin jam'iyya. Sarakuna kuma sauke su ake, ko a tuɓe, ko a ce an warware rawani. "An soke sarki" ba Hausa ba ce, sai in mashi ake nufi.

Hajiya Binta:
Don Allah a tsaya a kan kalmomin kawai, kada wani ya ja mu cikin rigimar masarauta, an san yadda take ƙarewa a zauren nan.

Auwalu, ga wasu ƙananan abubuwa da ke yawan karyewa a rubutu. Ana cewa an soke wa kamfani lasisi, an soke masa lasisi, "wa" a rabe take ba a manne ba. "Sokewa" a haɗe sunan aiki ne, kamar a "sokewar ta fara aiki jiya". Siffar ita ce sokakke, sokakkiya, sokakku: sokakken zaɓe, sokakkun ƙuri'u. In abubuwa ne da yawa ɗaya bayan ɗaya, an sossoke su. In ana nufin ba mai iya taɓa shi, sai a ce ba ya sokuwa. Kuma lasisin da aka dakatar daban da wanda aka soke. Bankin Heritage da Babban Banki ya soke wa lasisi ranar 3 ga Yunin 2024 bai sake buɗe ƙofa ba, NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, ita ce ta karɓi ragamar tattara kadarorinsa, ta fara biyan masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 da inshora ta rufe.

Injiniya Sabo:
Ni ta fili zan yi magana, don a Kano nan ne kalmar ta fi sa hawan jini. Mutane suna ganin jan fenti a bango, an zana gicciye an rubuta kwanan wata, sai su ce an soke filin. Jan fenti ba sokewa ba ne. Alama ce ta hukumar tsara birni, yawanci a kan gini ba izini ko cin hanya ko toshe magudanar ruwa. Ana iya rushe gini haƙƙin filin yana nan, ana kuma iya soke haƙƙin ginin yana tsaye.

Sokewa ta gaskiya tana sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Gwamna ne ke da ikon, kuma da dalili: bukatar jama'a da ta rinjaya, kamar titi ko asibiti ko makaranta, ko kuma mai filin ya karya sharaɗin da ke cikin takardarsa, misali ya sayar ba da amincewar gwamna ba ko ya ƙi biyan kuɗin ƙasa. Dole sanarwar ta fito da sa hannun jami'in da gwamna ya ba wa izini, dole kuma ta isa ga mai filin. Haƙƙinsa ba ya mutuwa sai ranar da ya karɓi sanarwar, ko wata rana ta gaba da aka rubuta a ciki. Sashe na 44 ya jero hanyoyin isarwa: a ba shi hannu da hannu, a bari a gidansa da aka sani, ko a aika ta wasiƙar rajista. Yawancin sokewar da ke faɗuwa a kotu a nan take faɗuwa, an buga a jarida an ɗauka an gama, ba a kai wa mutumin ba. Abu na biyu da ke kayar da ita shi ne a karɓe da sunan jama'a a miƙa wa wani ya gina shaguna.

Diyya kuma, a sashe na 29, ta abin da ka ɗora a kan ƙasa ce. Gini ana ƙiyasta kuɗin sake yin irinsa a cire tsufa, amfanin gona ana ƙiyasta darajarsa. Ƙasar kanta abin da ake mayar maka kuɗin hayar da ka biya a shekarar ne. Wanda aka soke wa don ya karya sharaɗi ba ya cikin wannan lissafi.

Malam Habibu:
Injiniya, to a nan ma sai a gyara baki. Ba fili ake sokewa ba, ba kuma takarda ba. Fili ƙwace shi ake ko a karɓe, abin da ake sokewa haƙƙin zama a kansa ne.

Injiniya Sabo:
Haka ne, Malam. Takardar ma tana iya kasancewa a cikin akwatinka, da hatiminta da komai, alhali abin da take shaida ya mutu. Masu sayen fili su kiyaye wannan, a je ma'aikatar ƙasa a bincika fayil kafin a biya.

Auwalu Ɗorayi:
Na gode ƙwarai, malamai. Bari in gwada ku gani ko na kama. "Wanda ya tsaya wa wanda ake tuhuma ya soke belinsa, sai alƙali ya janye belin ya aika da shi gidan gyaran hali." Daidai ne?

Barista Kabiru:
Ka juya su, Auwalu. Mai tsayawa ba shi da ikon soke komai, kansa kawai zai janye, kuma ba a gida zai janye ba, sai ya zo gaban kotu ya nemi a sauke masa nauyin. Daga nan alƙali ya ba wanda ake tuhuma damar kawo wani mai tsayawa. In ya kasa, ko kuma dama ya tsallake zaman kotu ba uzuri, sannan a soke belin a tsare shi.

Malam Mudi:
Amma kada ka ce duk "alƙali ya janye" kuskure ne. Yana janye umarnin kamu da shi da kansa ya bayar in mutumin ya bayyana, yana kuma janye kansa daga shari'a in ɗaya daga cikin masu husuma ɗan'uwansa ne.